Alhaji Ba Ya Tafiya a Ƙasa

Ranar da likita ya gaya wa taubashina cewa in bai fara tafiya a ƙasa ba ciwon nan zai kwantar da shi, ina zaune a kujerar gefe, riƙe da hularsa. Ni na kawo shi asibiti a Gumel, kusan da ƙarfin tsiya, bayan matarsa ta kira ni ta ce kwana biyu ke nan yana fama da jiri, yana ɗirkar ruwa ba dare ba rana, amma ya hana a faɗa wa kowa. Aka auna aka ce suga ne, ga hawan jini a kai. Likitan yaro ne, sa'ar 'ya'yanmu, yana magana yana sunkuyar da kai. Ya rubuta magani, ya faɗi abin da za a rage a abinci, sannan ya ce, "Baba, magani kaɗai ba zai riƙe ka ba. Kullum ka samu lokaci ka taka da ƙafa har ka yi gumi."

Taubashina ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, tafiyar da na yi a duniya, in aka raba wa duk mutanen asibitin nan, ta ishe su har su mutu."

Dariya yake nema, amma ban yi ba. Na san gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta dame ni.

Ɗan Goggona ne, ƙanwar mahaifina da aka kai aure wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Shekarunmu ɗaya. Tunda shi ɗan mace ne ni ɗan namiji, wasa ne tsakaninmu tun muna ƙanana, in ce masa bawana, ya ce mini ɗan boko, ko a gaban wa. Mahaifina yana da shagon yadi a Gumel. Ba wani mai kuɗi ba ne, amma a gidanmu ba a kwana da yunwa, kuma kowane yaro da takalminsa. Mijin Goggo kuwa manomi ne, gonar rairayi, gero da wake, in damina ta yi gardama sai a ƙarasa shekara da kame-kame.

An kawo shi gidanmu don ya yi firamare. A filin bayan makaranta muka gane abin da aka kawo mana. In ya ɗauki ƙwallo, ko ta tsumma ce, sai dai ka ga bayansa. A langa ban taɓa ganin an kai shi ƙasa ba. Ƙafarsa ba takalmi, siririya kamar sandar makiyayi, amma duk unguwarmu ba mai kamo shi. Ni da nake da kambas fari sai in yi ta haki a baya yana juyowa yana yi mini gwalo. Malamin wasanni ya zaɓe shi ya wakilci makarantarmu a gasar gudu ta makarantun yankin, ya yi ta horar da shi da yamma. Ana saura kwanaki kaɗan sai ga mijin Goggo ya iso da ƙafa tun daga ƙauye. Ya durƙusa ya gaida mahaifina, ya ce, "Yaya, ciyawa ta kusa cinye mini gero. In ya tsaya gudu a nan, wa zai kama mini noma?" Mahaifina ya ba shi ɗansa suka tafi. Ni aka sa a gurbinsa, na je da kambas ɗina na zo cikin na ƙarshe. Shi kuma daga wannan damina bai sake komawa aji ba.

Daga nan hanya ta rabu. Ni aka kai ni makarantar kwana, inda kowace yamma sai an kaɗa ƙararrawa an kora mu fili, mai so da marar so. Ga ƙwallon fata, ga raga, ga malamin da aikinsa ke nan. Ban taɓa zama gwani ba, amma jikina ya saba, har ya zama in ban yi gumi ba barci ba ya yi mini daɗi. Shi Maigatari ya nufa. Ya yi dako a kasuwa, buhu a ka daga rumfa zuwa mota. Da ya yi ƙarfi ya shiga koren shanu. Fatake su tsallaka Nijar su sayo, su kuma samari su koro su a ƙasa ta daji, kwana da kwanaki, har kara, wato kasuwar shanu. Na taɓa zuwa hutu na same shi a gindin bishiya yana ɗinke fason dugaduginsa da zare da allura. Ya ɗago ya ce, "Ɗan boko, ka zama shaida. Ranar da Allah ya yi mini buɗi, ƙafar nan ba za ta ƙara taka ƙasa ba sai daga mota zuwa tabarma."

Allah ya yi masa buɗin, shi kuma ya cika alkawari. Ya zama dillali, daga baya ya koma loda tirelolinsa na kansa zuwa Kudu. Ya sauke farali, ya gina gida, ya zama Alhaji a bakin kowa. Mahauta da fatake da Buzaye suna ba shi dabba a kan kalmarsa kawai. Ko masallacin Juma'a da ake hango hasumiyarsa daga ƙofar gidansa, a mota yake zuwa. Jiki ya buɗe, wuya ya haɗe da kafaɗa, mutane suna cewa hutu ya karɓe shi, shi kuma yana jin daɗi.

Ni na yi koyarwa, daga baya aka mayar da ni ofishin ilimi a Gumel. Duk Asabar da safe muna haɗuwa mu tsofaffin 'yan ƙwallo a fili, mu yi ta guje-gujenmu na tsufa. Wata rana ina tsaron gida na tsaya ina duban fuskokin. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sakatariya, duk masu albashi, duk waɗanda aka kora fili a makarantar kwana. Yaran da suke yanka mu ba takalmi a bayan firamare, ko ɗaya babu. Wasu suna kan babur daga safe zuwa dare, wasu gona ta tsotse su, wanda ya samu a cikinsu kuma ya zauna ya ce ya huta ke nan. Abin ya tsaya mini a rai, don na san ba mu ne gwanayen ba. Taubashina kuwa duk lokacin da ya gan ni sai ya ce, "Tsoho da furfura yana bin ƙwallo da gajeren wando. Albashin ne bai isa ba, ko aljanu ne?"

Wannan mutumin aka ce ya koma tafiya a ƙasa.

Da ni da matarsa muka sa shi a gaba. Ta yi kuka, ni na yi masifa, har ya yarda. Ya fita bayan asuba cikin jallabiya, ya kama hanyar Gumel. Bai bar unguwa ba ɗan acaba ya taka birki. "Alhaji, lafiya? Hau in kai ka." Ya ce a'a. Wani ya tsaya, wani ma ya tsaya. Wani direban babbar mota da ya taɓa yi masa aiki ya faka ya sauko da gudu, yana tambaya ko motar ce ta lalace. Duk cikin ladabi, duk don Allah. A garuruwanmu ba a barin babban mutum yana tafiya a ƙasa, rashin tarbiyya ne ka wuce shi. In kuwa ya ƙi hawa, to akwai magana. Ba a yi mako ba aka wayi gari da buhun gero a zaurensa. Wani abokinsa na zamanin dako ne ya aiko, talaka ne har yanzu, ya ji an ce Alhaji ya karye ya sayar da mota, ya ce a ba iyali a rufa wa juna asiri. A kara kuma fataken Nijar da suke miƙa masa igiya ba tambaya suka fara jan mutane gefe suna bincike.

Ya kira ni a waya yana ihu kamar zai fasa mini kunne. Na je da kambas sabo da wandon motsa jiki, na ce in ya sa waɗannan kowa zai gane da gangan yake tafiya, a Dutse da Kano manyan mutane haka suke yi. Ya ɗaga wandon da yatsa biyu. "Surukaina su gan ni a cikin wannan? Kai an san ka, ɗan boko ne, ko me ka sa za a ce karatu ne. Ni in na sa cewa za a yi na taɓu." Ya jefo mini abina.

Na miƙe a fusace na ce na tafi. Ranar kuwa tayata ta yi faci, na bar motar wajen mai faci a bakin gari. Duk fushin da muke yi bai hana shi miƙewa ya rako ni ba, don ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai. Muna tafe muna cacar baki, sai ɗan acaba ya tsaya. "Alhaji, ku hau mana."

"Rakiya nake yi," in ji taubashina a taƙaice.

"Au, to. A sauka lafiya." Yaro ya ja babur ɗinsa ya wuce, ko waiwaye bai yi ba.

Muka tsaya muka dubi juna. Har wajen mai faci ya kai ni, yana haki, gumi ya jiƙa masa riga, kuma duk wanda ya tsaya amsar nan ta sallame shi. Na mayar da shi gida a mota, muna dariya kamar mun yi sata ba a kama mu ba.

Haka muka ɗora. Kwanaki a mako, bayan la'asar, in taso daga Gumel in ajiye mota wajen mai faci, in taka zuwa gidansa, in sha ruwa, in ce zan tafi, ya ce bari in taka maka. Ranar Alhamis ce kawai ba na zuwa, don ranar kasuwa ce, ba shi da lokacin kansa. Hakin ya ragu, barci ya dawo, sugan ya sauka. Likita ya yi murna, amma ya ja mana kunne, ya ce mai shan wannan magani in ya yi aiki da yunwa sugansa yana iya faɗuwa warwas, in aka ga gumi da rawar jiki da sambatu a ba shi abu mai zaƙi nan take, in ya suma kuma kada a ɗura masa komai, a yi asibiti da shi. Tun daga ranar ba na rabuwa da dabino a aljihu.

Sai baki ya fara. Akwai wata majalisa a bakin titi, ta 'yan kasuwa sa'o'insa, dole ta gabanta muke wucewa. Wata yamma wani mai shagon siminti a cikinsu, ƙato mai murya, ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, wannan baƙo naka har yanzu bai gane hanya ba ne?" Aka fashe da dariya. Taubashina ya yi yaƙe ya wuce, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Washegari ya ce mun canza hanya. Ta lungun bayan gidansa za mu fita mu shiga burtali, hanyar shanun da ta ratsa gonaki ta nufi iyaka. Na ce wajen ba mutane. Ya ce abin da yake nema ke nan.

Ban so ba, amma a burtalin nan na sake ganin yaron da na sani. Da mun ɓace wa gari sai ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya buɗe ƙafa. Ya san kowace aduwa da kowace tsamiya, inda wani bijimi ya taɓa kayar da shi, inda suka ɓuya wa 'yan duwan, wato kwastan na Nijar. Wata rana ba zato ya ce, "Ɗan boko, zuwa kukar can!" ya zura da gudu, tumbi yana rawa, silifa a hannu. Bai kai rabi ba ya tsaya ya dafa gwiwa yana dariya har da hawaye. Ya ce ko yanzu ya riga ni tashi. Na ji daɗin ranar nan ƙwarai, na koma Gumel ina cewa a raina mun tsira.

Ƙarshen damina aka yi mini jika, na je Maigatari sayen ragon suna. Dole ranar Alhamis. Ya sa yaransa suka zaɓo mini, aka kai wajen motata. Bayan la'asar ya gama lodi muka koma gida, na ga fuskarsa ta ɗan faɗa, na ɗauka gajiyar kasuwa ce. Na ce tunda na zo, tashi ka raka ni. Ya ajiye wayarsa a kan kujera don kada 'yan kara su dame shi, muka fita. Ban san yana azumin Alhamis ba, tunda ban taɓa zuwa ranar ba. Ban kuma san ya haɗiyi maganinsa da sahur ba, ya wuni a rana ba ko ruwa.

Gero ya fi mutum tsayi a lokacin, dama da hagu, ba ka ganin komai sai rairayin gabanka. Mun yi nisa sai na lura ya daina magana. Na waiwaya na ga gumi yana zuba daga haɓarsa, ba irin na tafiya ba, hannunsa yana karkarwa a kan riga.

"Bawana, lafiya?"

"Shanun nan a tare su," ya ce. "Za su shiga gonar mutane."

Ba shanu a wajen. Na zaunar da shi a gindin wata aduwa, na zaro dabino na kai masa baki. Ya kauda kai.

"Azumi nake."

"Na nafila ne! Karya shi, Allah ya yafe maka. Ci!"

"Saura kaɗan a sha ruwa."

"Ba za ka kai ba, wallahi ba za ka kai ba. Buɗe bakinka!"

Ya danne haƙora. Na kama haɓarsa, ya bige mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba, dabino ya watse a rairayi. Ya zage ni, zagin da ba na wasa ba, idonsa yana kallona amma ba ni yake gani ba. Ina tsintar dabinon ina hurewa ina roƙonsa da girman Allah da darajar Goggo, sai na ga ya zame ta gefe, hula ta faɗi, numfashinsa ya koma munshari. Na jijjiga shi, na kira shi da sunan da ban kira shi da shi ba tun muna yara. Shiru. Ga maganin a tafin hannuna, ga bakin a buɗe yanzu, amma likita ya ce kada a ɗura.

Na zaro waya. Ta kama layin Nijar, kamar yadda takan yi in an matso iyaka, kira ya ƙi fita. Na yi ihu, gero ya haɗiye muryar. Na juya shi ya kwanta ta gefe, na tokare bayansa da hularsa da silifansa, na kama gudu.

Gudu a rairayi ba irin na filin Asabar ba ne. Kowane taku ƙafa sai ta nutse. Ƙarangiya ta cika mini wando, ƙirjina yana zafi kamar an zuba barkono, ina jin bugun zuciyata a kunne. Na faɗi, na tashi. Tsoro nake ji, tsoro zalla, kada in dawo in tarar munsharin ya tsaya. Har na tuna cewa da ni ne a kwance shi ne a ƙafa, yana yaro, da tuni ya kai gari ya dawo. A wata kwana na ci karo da wani mutum yana loda ciyawa a amalanken shanu. Magana ta ƙi fita, sai nuni nake yi da hannu. Bawan Allah bai tsaya tambaya ba, ya ture ciyawar ƙasa ya ce in hau.

Yana numfashi muka same shi. Da ƙyar mu biyu muka ɗora shi. Na zauna na ɗora kansa a cinyata, mai amalanke yana dukan shanu yana salati. Mota ba ta shiga burtali, kuma hanya ɗaya ce daga nan zuwa asibitin garin, ta gefen kara, ranar kasuwa, daidai lokacin da ake watsewa. Ana kiran magariba muka faɗo cikin mutane. Na ga an fara leƙowa, na ga rigarsa ta ɓaci, bakinsa yana dalala, sai na ja gefen babbar rigar na rufe masa fuska don in suturta shi. Wani ya ga ƙafafu da rufaffiyar fuska ya gane rigar, ya ɗora hannu a ka ya yi salati da ƙarfi. Kafin in ce yana da rai, babura sun riga sun tashi da labari.

A asibiti ma'aikacin da ke bakin aiki ya ɗan soki yatsarsa ya auna jinin, ya yi masa allurar ruwan suga a jijiya. Ina tsaye na ga idonsa ya buɗe, kamar wanda aka tasa daga barcin rana. Ya dubi rufi, ya dube ni.

"An sha ruwa?"

Na ce an sha. Ya shafa rigarsa, ya ji danshi.

"Wa ya gan ni?"

Hayaniyar da ke bakin ƙofa ta amsa masa. A gida kuwa an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, matarsa ta suma an yayyafa mata ruwa. Waɗanda suka zo ta'aziyya suka juya ta zuwa dubiya. Kwana da kwanaki yana zaune ana shigowa, kowa sai ya ba shi labarin inda yake tsaye lokacin da amalanken ya wuce.

Na bar shi ya huta, sannan na koma. Na ajiye mota wajen mai faci kamar kullum. Muka gaisa, na sha ruwa, muka taɓa hira sama-sama. Na miƙe na ce zan tafi, na tsaya a bakin ƙofar falo ina jira. Bai motsa ba.

"Ka gaida gida," ya ce.

"Bawana, ba za ka taka mini ba?"

"Direba zai kai ka wajen motarka."

"Ka ji abin da likita ya ce. Ba tafiyar ce ta kayar da kai ba, azumi ne a kan magani. In ka ci abinci..."

"Na ji likita. Ba kai aka ratsa kara da kai a amalanke ba. Wajen da na yi dako, wajen da na yi shekaru kafin a daina kirana yaro." Muryarsa ta sauka. "Kai wasa ka sani, ɗan boko. Kai gumi daɗi yake yi maka. Ni ban taɓa yin gumi don daɗi ba tun ranar da Baba ya zo ya ɗauke ni daga gidanku."

Raina ya ɓaci, na ce to ya zauna, ciwon zai zo ya same shi har kan kujerar. Ya ce gara ya same shi a zaune da mutuncinsa. Na fita ban bi ta kan direban ba. Tun da muke, ranar ce ta farko da na bar gidansa ba rakiya, kuma ta yi mini ciwo fiye da zagin burtali.

Ban daina zuwa ba. Na kawo masa shawarar zagaye tsakar gida, ya ce shi ba ɗan kurkuku ba ne. Na ce mu tafi Gumel inda ba a san shi sosai ba, ya ce duk inda ake cin nama an san shi. Kowane zuwa sai na tsaya a bakin ƙofar nan na ɗan jira, shi kuma ya ce in gaida gida. Jikin ya dawo, hakin ya dawo, ƙafa ta fara kumbura. Damina ta zagayo, ta sake zagayowa. Wata safiya yana alwala ɓarin jikinsa ya saki. A hanyar Kano ya cika.

Maigatari kaf ta fito jana'izarsa. Aka ɗauki makara aka nufi maƙabarta, kowa a ƙasa, manyan 'yan kasuwa da ciyamomi da masu tireloli, babu wanda aka tsaya aka ce masa hau in kai ka. Ina riƙe da gefen makarar ina jin numfashinsu a bayana, wasu tun kafin rabin hanya sun fara ja da baya suna share gumi. Can bayan jama'a motocinsu suna biye a hankali, don su mayar da su.

Da aka gama aka shafa fatiha, na kama hanyar mai faci ni kaɗai. Wata mota ta rage gudu a gefena, gilashin baya ya sauka. Mai simintin nan ne na majalisa, har lokacin bai gama haki ba.

"Malam, shigo mu rage maka hanya. Allah ya ji ƙan Alhaji, ya ba ku haƙuri." Na ce amin, ban tsaya ba, motar tana bina. Ya rage murya. "Ka san mun gane ba rakiya kuke yi ba? Tun farko. Wallahi sha'awa kuke ba ni. Ni ma sugan gare ni, likita ya daɗe yana yi mini faɗa. Sau nawa na so in tashi in bi ku, kunya ta hana ni. Zolayar ma da na yi, nema nake ya ce in taso."

Na tsaya cak. Idona ya rufe, ban san ko kuka zan yi ko in shaƙe shi ba. Na kama murfin motar na buɗe.

"To fito, Alhaji. Ga hanya, ga ni. Fito mu taka."

Ya dube ni. Ya dubi mutanen da ke fitowa daga maƙabarta, ya dubi ƙeyar direbansa. Ya sa ƙafa ɗaya kamar zai sauko, har silifarsa ta taɓa rairayi. Sai ya mayar da ita ciki.

"Wata rana, Malam," ya ce. "Yau akwai jama'a."

Ya ja murfin ya rufe, gilashi ya hau, motar ta wuce ni.